Eriya ma tana da sikelinta: Abin da ke cinye muryar rediyo tsakanin Ƙonni, Malbaza da Illela

Duk ɗan kasuwa ko 'yar kasuwar da ta taɓa kwance bakin zane ta kai kuɗi gidan rediyo domin a yi mata sanarwa, ta san kunnuwan jama'a ta je saye. Mai albasa a Galmi yana so dillalin Ƙonni ya ji kaya sun sauka, mai atamfa a kasuwar Ƙonni tana so matan Tsarnawa da Bazaga su ji ta kawo sabon yayi kafin salla, wanda kuma saniyarsa ta ɓace a kasuwar Badagishiri yana so labari ya riga ɓarawo isa ƙauyukan da ke kewaye. To amma sau nawa ake biyan kuɗin, a karanta sanarwar har sau uku, daga baya mutanen ƙauye su ce su kam ba abin da suka ji sai shuuu?

Idan haka ta faru akan ɗora laifin a kan batir, ko iska, ko wutar NIGELEC, wasu ma su ce ai akwatin rediyon ne ɗan araha. Wani lokaci haka ɗin ne. Sai dai sau da yawa matsalar tana can sama, a jikin ƙarfen da ba mai ɗaga kai ya dube shi, wato eriya da kebul ɗin da ya hau zuwa gare ta. A da, gano wannan ciwo sai an jira injiniya daga Yamai da na'urar da kuɗinta ya kai dubban dalolin Amurka. Yanzu kuwa akwai wata 'yar na'ura mai suna NanoVNA, wadda ba ta kai wayar hannu tsawo ba, da ke iya faɗa wa mai gyara halin da eriya take ciki cikin 'yan mintoci.

Idan mai karatu bai manta ba, har zuwa farkon shekarun 1990 gidan rediyo ɗaya ne tal a Nijar, wato Muryar Sahel ta gwamnati, wadda ta faro tun 1958 da sunan Rediyo Nijar. A 1994 aka buɗe R&M a Yamai, gidan rediyo mai zaman kansa na farko, sannan Anfani ta Grema Bukar ta biyo baya, har ta buɗe rassa a Maraɗi, Damagaram, Difa da Birnin Ƙonni. A 1999 kuma aka kafa rediyon karkara na farko a Bankilare cikin jihar Tilaberi, mai aiki da hasken rana, daga nan irinsa suka bazu har suka haura ɗari a faɗin ƙasar. Irin waɗannan ƙananan tashoshi ƙarfinsu kaɗan ne, wasu ba su wuce wat 30 ko 100 ba, don haka ba su da rarar da za su zubar a hanya. Babbar tasha in ta yi asarar rubu'in ƙarfinta ƙila ba wanda zai lura. Ƙaramar tashar karkara kuwa, rubu'in nan shi ne ƙauyukan da ke bakin iyakarta.

Su kuwa 'yan kasuwa ba sai an gaya masu darajar labari ba. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shigowa, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari a inda waya ta isa. Dalili shi ne ɗan kasuwa ya daina loda mota a kan jita-jita. Abin da waya ta yi wa babban dillali, shi rediyo ke yi wa mai tallar ƙosai da mai sayar da daddawa, waɗanda ba kullum suke da kuɗin kati ba.

Kowace tasha da tsawon eriyarta

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, eriya ba ƙarfe ba ne kawai da za a kafa a sama a ce an gama. Tana da awo, kamar yadda riga take da awo, kuma awon yana bin lambar tashar ne. Lambar nan da masu gabatarwa ke cewa "a kan mita kaza", a gaskiya megahaz ce, wato yawan bugun da igiyar rediyo ke yi cikin daƙiƙa ɗaya, miliyan-miliyan. Zangon FM yana farawa daga wajen 88 ya tsaya a 108.

Eriya mafi sauƙi ita ce mai hannu biyu, kuma lissafinta ɗan firamare ma zai iya: a raba 143 da lambar tashar, abin da ya fito shi ne tsawonta gaba ɗaya. Tashar da ke kan 100 tana buƙatar santimita 143, kowane hannu 71 da rabi. Wadda ke kan 88 tana buƙatar 162, ta kan 108 kuwa 132 kacal. Ashe ke nan tsakanin farkon zangon da ƙarshensa akwai bambancin santimita 30, tsawon rular 'yan makaranta. Saboda haka eriyar da aka yanka domin wata tasha, in aka kwance ta aka ɗaura wa wata mai lamba daban ba tare da an sake saita ta ba, an sa wa yaro rigar babansa ne.

Me ke faruwa in awon bai yi daidai ba? Manoman fadamar Ƙonni da na kwarin Majiya za su fi kowa saurin ganewa. In ka haɗa injin ban-ruwa mai ƙarfi da tiyon da bai dace da bakinsa ba, ruwan ba ya fita duka, wani yana turowa baya, injin ya riƙa gurnani yana ɗaukar zafi. Haka na'urar watsa shiri take. Tana tura ƙarfi sama ta cikin kebul, in eriya ba ta karɓe shi duka ba, ragowar ya komo ƙasa. Ma'aunin wannan komowa shi ake kira SWR, masu karatun Faransanci kuma su ce ROS.

Bari mu sa shi a lissafin kasuwa. A ce ka loda buhu 100 na albasa daga Galmi. In ma'aunin ya nuna 1, duka an karɓe. In ya nuna 1.5, buhu 4 sun dawo, wannan ba komai. In ya kai 2, buhu 11 ne suka dawo. A kan 3, buhu 25. In ya kusanci 6, rabin motar aka maido maka. Kuma abin bai tsaya nan ba, domin ƙarfin da ya komo yana gasa taransistocin da ke bakin na'urar, waɗanda suna cikin kayan da suka fi tsada a jikinta. Na'urorin zamani da yawa suna da dabarar kare kansu: da sun ji komowar ta yi yawa sai su rage ƙarfi da kansu. Ga fitila tana ci, ga mai gabatarwa yana ta zuba, a cikin gari kowa yana ji raɗau, alhali a ƙauye murya ta daɗe da janyewa.

Daga hannun masu rediyon sha'awa ta fito

Akwai wasu mutane a duniya da suka ɗauki rediyo abin sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. Sukan ci jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira, su kafa eriya a gida su riƙa gaisawa da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Lambar kiran Nijar tana farawa da 5U, ta Nijeriya da 5N. Da yake masu wannan harka ba su da yawa a Nijar, jin muryar 5U abin nema ne a wurin na waje, shi ya sa a watan Maris na 2017 wata tawaga da 'yan ƙasar Sifen suka jagoranta ta sauka Yamai ta yi kwanaki tana aiki da lambar 5U5R, mutane daga ko'ina suna layi domin su same ta.

Su waɗannan mutane yawanci da hannunsu suke ƙera eriya, da waya da bututun alminiyam, don haka kullum suna cikin neman abin awo mai araha. Wani ɗan Japan daga cikin masu ƙere-ƙeren rediyo, wanda aka fi sani da laƙabin edy555, shi ya tsara NanoVNA a wajajen 2016, ya kuma saki zanenta kyauta ga duk mai so. A 2019 masana'antun China suka shiga buga ta da yawa, farashinta ya tsaya a wajen dalar Amurka 50, kimanin jaka 30 ta sefa ke nan kafin a sa kuɗin sufuri da na duwan. Tana da ɗan allo da bai kai inci 3 ba, da batir a ciki da ake caja kamar na waya, da baki biyu na ɗaura kebul. Ƙirar da aka fara bugawa a China tana aunawa daga kilohaz 50 zuwa megahaz 900, wato ta ɗauke gajeren zango da FM da na'urorin oba-oba duka.

Aikinta shi ne ta tura ɗan sigina mara ƙarfi cikin eriya, ta bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, ta auna nawa ya komo a kowace lamba, sannan ta zana layi a allo. Inda layin ya faɗa ƙasa kamar kwari, nan ne lambar da eriyar ta fi so.

Kafin a fara awo sai an daidaita ta, kamar yadda mai sikelin kirki ke tabbatar da allura tana kan sifiri kafin ya ɗora nama. Tana zuwa da 'yan murafu uku: ɗaya buɗaɗɗe, ɗaya haɗaɗɗe, ɗaya kuma mai nauyin om 50, wanda shi ne awon da na'urorin watsa shiri ke aiki da shi. A ɗaura su bi da bi, na'urar ta haddace. Mai gyaran da ya tsallake wannan mataki, duk lambar da ya karanto maka ta sikelin da ba a saita ba ce.

Daga nan sai a kashe na'urar watsa shiri, a kwance kebul daga jikinta, a ɗaura a NanoVNA. A ce tashar tana kan 100, sai kwarin ya fito a kan 96: eriyar ta yi tsawo, a rage. In ya fito a kan 104, ta yi gajarta, a ƙara. A zangon FM, santimita ɗaya da aka rage a kowane hannu yana matsar da kwarin da kusan megahaz ɗaya da rabi, don haka da kaɗan-kaɗan ake bi. Ƙwararru kan yanka da ɗan tsawo tun farko, saboda dalilin da kowane tela ya sani: yadin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Sannan awon ƙarshe a inda eriyar za ta zauna ake yinsa, domin kusancinta da rufin kwano ko da jikin hasumiyar ƙarfe yana canza lambar. Wadda ta yi kyau a tsakar gida tana iya sauya hali in ta hau sama.

Ɓarawon da ke cikin kebul

Wani hanzari ba gudu ba, sau da yawa eriya lafiyarta ƙalau, kebul ne ke sata. Siririn nan da ake kira RG-58, in ya kai tsawon mita 20, a zangon FM yana cinye kusan rabin ƙarfin kafin ya isa sama, ko da sabo ne dal. Mai kauri, RG-213, a wannan tsawon kimanin rubu'i yake ci. Shi kuwa kebul ɗin dish da ya cika kasuwa, na om 75 ne, an yi shi domin kamawa, kuma mai arahar cikinsa ragar da ke jikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Ga kuma zafin ranar Adar da ke fasa robar waje a bazara, damina na zuwa ruwa ya bi tsagar ya shiga, tagulla ta yi tsatsa.

Abin mamaki a nan, wanda ya sha yaudarar masu gyara, shi ne ruɓaɓɓen kebul yana sa ma'auni ya nuna lamba mai kyau. Dalili kuwa, yana cin ƙarfin a hanyar hawa, ya kuma ci wanda ya komo a hanyar sauka, sai abin da ya iso ƙasa ya zama kaɗan, mai awo ya ga 1.2 ya yi murna. Maganin wannan shi ne a auna kebul ɗin shi kaɗai, a ɗaura kansa ɗaya a bakin farko na na'urar, ɗayan a baki na biyu, ta faɗi nawa ya shiga nawa ya fita. Tana ma iya nuna a mita ta nawa kebul ya karye ko ya murƙushe, sai a je daidai wurin, maimakon a sayi sabo gaba ɗaya.

Akwai kuma hatsarin da ya shafi ƙasarmu musamman. Lokacin hunturu, busasshiyar iska mai ƙura tana goga jikin eriya ta tara mata wuta, irin wadda kan ɗan tsikari mutum in ya taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar wutar ta isa ta kashe NanoVNA nan take. Don haka kafin a ɗaura, a haɗa tsinken tsakiyar kebul da ƙarfen gefensa na ɗan lokaci domin wutar ta zube. Haka nan in akwai wata tasha da ke watsa shiri a kan hasumiya ɗaya, ƙarfinta yana iya rikita awon ko ya ƙona na'urar. Batun hawa hasumiya ana hadari, ko kafa bututu kusa da wayar lantarki, wannan kam ba sai an faɗa ba, rai ya fi eriya.

Abin da na'urar ba ta iyawa

Kada mai karatu ya ɗauka an samo maganin kowace cuta. Igiyar FM kusan a miƙe take tafiya kamar hasken tocila, tudu yana tare ta, lanƙwasar ƙasa ma tana tare ta. Eriyar da ke kan hasumiya mai mita 25 tana hango kimanin kilomita 20 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Bayan nan murya ba ta yankewa gaba ɗaya, amma tana raguwa da sauri. Tashar da ke Ƙonni mai irin wannan tsawo za ta shiga Tsarnawa da Illelar Nijeriya ba wahala, amma Malbaza da ke wajen kilomita 35, balle Galmi da ke wajen 50, sai da ƙarin ƙarfi ko ƙarin tsawo. Ta ɓangaren Illelar Nijar da Badagishiri kuma ga duwatsun Adar, ƙauyen da ke cikin kwari yana iya rasa tashar da na kan tudu ke ji sarai. Wannan ba laifin saiti ba ne, kuma 'yar kasuwar da ke son sanarwarta ta kai wani gari ya kamata ta tambayi mutanen garin wace tasha suke kamawa kafin ta biya.

Ga mai sauraro kuwa, gaskiyar magana ba ya buƙatar wannan na'ura. A wajen kamawa, ɗan kuskuren awo ba ya ɓata komai sosai. Abin da ya fi amfani shi ne tsawo: waya a kan gora mai mita 4 tana ƙara wa rediyo hangen kusan kilomita 8. Sai kuma nisantar abubuwan da ke kawo ƙara, irin su cajar waya mai araha, da wasu ƙwayayen fitila na zamani, da imbatar sola, waɗanda rumfunan kasuwa suka cika da su yanzu. Sun fi yin ɓarna a gajeren zango, wanda jama'a kan tuna da shi duk lokacin da tashoshin waje suka ɗauke daga FM, kamar yadda aka dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, da BBC na wata uku a Disamban 2024. Waya mai mita 10 da aka miƙa daga taga zuwa bishiya, aka naɗa kanta a eriyar akwatin, ta wadatar.

Waɗanda ya kamata su buɗe ido su ne masu sarin kayan lantarki, masu ɗauko kaya daga Sakkwato ko daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Eriyoyin oba-oba da na akwatin intanet suna zuwa da lambobi a rubuce a jikin leda, kuma jabu sun yi yawa a cikinsu. Da NanoVNA, ɗan kasuwa zai iya zaro guda uku daga katan ya gwada, ya ga ko kwarin ya faɗa inda aka rubuta, tun kafin ya biya. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, layukan waya suna aiki har a kan megahaz 1800 da sama, inda ƙirar farko ba ta kaiwa, sai an nemi ta biyu, V2, mai kaiwa 3000. Na biyu, kyakkyawar lamba ba ta nufin eriya tana kai murya nesa. Murfin nan mai om 50 da ake saiti da shi yana nuna 1 cif, alhali ko bayan ɗaki ba ya kai magana, domin zafi yake mayar da ƙarfin. Mai ha'inci zai iya ɓoye irinsa cikin roba ya kira shi eriya. Wadda ta nuna lamba mai kyau daga farkon zango har ƙarshe ba kwari ba tudu, a yi mata kallon tuhuma, a gwada ta a fili tukuna.

Ta fuskar doka, auna eriya daban, watsa magana daban. A Nijar hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018, ita ke kula da rabon zangunan sadarwa, kuma lasisin rediyon sha'awa a ko'ina cikin duniya bai halatta talla ko cinikayya a kansa ba. Ga kuma halin tsaro da bakin iyaka ke ciki, inda ganin oba-oba a hannun wanda ba shi da takarda kan jawo tambayoyi masu tsawo. Duk mai shigo da su ko mai gyaransu, ya nemi izini tukuna, ya kuma riƙe rasiɗinsa.

Ga shugabannin tashoshin karkara da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata da ke tallafa masu, na'ura ɗaya za ta iya yi wa tashoshi huɗu ko biyar aiki, tunda ba kullum ake awo ba. Sau biyu a shekara ya isa: a watan Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, sai kuma bayan guguwar farkon damina, wadda kan karkatar da eriya ta sassauta kusoshi. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta rana da lambar da aka gani. Eriyar da ta nuna 1.3 a watan Mayu, ta koma 1.8 a watan Yuli ba tare da an taɓa ta ba, wurin da za a fara dubawa shi ne mahaɗar kebul da ke can sama, a kwance ta, a busar, a sake naɗe ta da salatif mai hana ruwa shiga.